Ranar da Aka Leƙa Cikina

A gidanmu ba a gaya wa mara lafiya abin da ke damunsa. Babba ne yake shiga wajen likita shi kaɗai, ya fito da fuska a sake, ya ce, "Olsa ce kawai, za a ba da magani." Daga nan sai kowa ya kama nasa aikin. A daina barin mutum ya ɗauki kaya, a riƙa kawo masa abin da yake so tun bai tambaya ba, duk abin da ya yi a yaba, hira kuma ta mutu da zarar ya sako ƙafa ɗaki. Haka aka yi wa Baba. Ciwon daji ne ya ci masa hanji, amma har ya koma ga Allah olsa yake jinya, yana ta faɗa da mu wai yaji ya yi yawa a abinci. A lokacin ban kai a shiga da ni ba, don haka ni na zauna da shi a bencin asibiti, Yaya ya shiga.

Ni ne auta, Auta kuma kowa ke kirana, har matata in ta so tsokana. Ni da Yaya gyaran famfo muke yi, sana'ar da Baba ya bar mana tare da wani ɗan shago tsakanin mai walda da mai sayar da fenti. Yaya mafaɗaci ne na gaske. Shekara da shekaru ina bin sa da akwatin kayan aiki, ban taɓa ɗaure wani abu ya ce ya ɗauru ba. Sai ya sa hannu ya ƙara murɗawa, ko da ba abin da zai ƙaru sai tsagewa.

Yana da wata ɗabi'a a wajen aiki wadda na haddace tun ina koyo. In aka nuna mana inda ruwa ke tsiyaya, ɓarnar kuma ƙarama ce, bakinsa ba ya rufuwa. Zai tsokani mutanen gidan, ya zagi wanda ya yi aikin farko, ni ma ya ƙara da ni don kada in ji an bar ni a baya. Amma idan ya ɗora kunne a bango, ya ƙwanƙwasa tayil, ya gane bututun can ƙarƙashin gini ya fashe, inda sai an fasa ɗaki kafin a kai gare shi, sai ya yi shiru. Ya mayar da kayan aiki cikin akwati ɗaya bayan ɗaya. Ya nemi famfon da ke kawo ruwa ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, a tsanake, ya goge a wando. Sannan ya ce, "Ina maigidan?" Ba ya faɗin mugun labari da dattin hannu, kuma ba ya faɗa wa kowa sai wanda nauyin gidan ke wuyansa.

Wata rana muna aiki a kicin ɗin wani gida, ina kwance a ƙasa ina ƙoƙarin kwance wani tsohon bututu, sai cikina ya murɗa. Ya kwana biyu yana yi mini haka. Na ce cikin wasa, "Yaya, ni ma fa nawa bututun yana neman gyara."

Na zaci zai ce ci ne ya yi mini yawa. Sai kawai na ji sifana ta faɗi daga hannunsa a kan tayil.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu dai."

"In ka zaga kana ganin jini?"

"Haba Yaya, a kicin ɗin mutane?"

"Tambayarka nake. Kana gani ko ba ka gani? Bayan gidan yana fita yadda ya saba, ko ya sirance? Kana jin kamar ba ka gama ba bayan ka gama?"

Na leƙo da kai na dube shi. Ban taɓa jin tambayoyi irin waɗannan a bakinsa ba. Na ce wani lokaci nakan ga ɗan ja-ja, amma basir ne, wa ya rasa basir cikin masu aikin tsugune? Bai yi dariya ba. Ya ce gobe ba aiki, asibiti za mu.

Washegari muka je. Da layi ya zo kanmu na miƙe, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Zauna tukuna." Ya shiga ya rufe ƙofa. Na koma na zauna, na duba bencin da nake kai, irin na ƙarfe mai huji-huji, sanyinsa na ratsa wando. A irinsa muka zauna ni da Baba, yana ba ni labarin gyaran da zai yi wa shago in ya warke. Ina nan zaune har aka kira ni.

Likitar mace ce, mai tabarau da magana a hankali. Ta danna cikina nan da can, ta yi 'yan tambayoyi, ta ce za a leƙa hanjina. Akwai wani siririn bututu mai kyamara a baki, ta dubura ake shigar da shi, a bi hanjin a ga abin da ke ciki. Ta sa rana. Na buɗe baki zan tambayi dalili, sai Yaya ya riga ni.

"Dubawa ce kawai. Ƙila ma olsa ce."

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Daga ranar komai ya fara tafiya yadda na sani. In na shiga gidan Yaya sai hira ta tsaya cak. Anti, matarsa, ta juya baya tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara, in ta juyo idonta jawur, ta ce albasa ce. Ta yanka mini kankana ban tambaya ba, ta tsaya a kaina tana cewa in ƙara. A wajen aiki kuwa abin ya fi muni. Na ɗaure wani famfo, Yaya ya taɓa da yatsa ya ce, "Ya yi kyau." Ni fa! Ya fara kai ni wajen manyan masu ba mu aiki yana cewa, "Ƙanena ne, hannunsa ya fi nawa." Ran nan ma ya ɗauko babbar sifanar Baba, wadda ko taɓa ta na yi sai ya harare ni, ya ajiye a cikin akwatina. Na tsaya ina kallonta cikin haushi da tsoro. Haka muka riƙa yabon Baba a watanninsa na ƙarshe, ko ƙusa ya buga a karkace sai mu ce ba mai bugawa kamarsa.

Na gaya wa matata. Ita ba a gidanmu ta taso ba, gidansu in ciwon kai ya kama mutum sai duk layi ya ji. Ta saurare ni tana ninke kayan yarinyarmu, ta ce, "To ni abin da ban gane ba, ka ce ba a barin mara lafiya ya ɗauki kaya. Jiya wa ya haƙa ramin nan?"

"Ni."

"Shi Yayan yana ina?"

"Yana zaune a kan bulo yana nuna mini."

"Akwatin fa, wa yake ɗauka?"

"Ni mana. Ke ba ki san Yaya ba. Don kada in gane ne."

Ta dube ni kamar za ta ƙara wata magana, sai ta fasa, ta ce, "Allah Ya sawwaƙe." Na riƙe hannunta na sa ta rantse cewa duk abin da aka gaya mata a bayan idona za ta faɗa mini, komai muninsa. Na ce ni ba za a yi mini irin ta Baba ba. Ina so in san ko zan ga yarinyar nan ta shiga makaranta, in kuma ba zan gani ba, ina so in kalle ta da sanin haka. Ta rantse, ta ce kuma in daina maganar banza.

Ana gobe gwajin aka hana ni abinci. Sai ruwa, sai shayi ba madara, sai romon da aka tace har ana ganin gindin kwano, kuma ban da duk wani abu mai launin ja. An ba ni wani gari da aka ce in kaɗa a jarka guda ta ruwa in shanye, rabi da yamma rabi da safe, shi zai wanke hanjin tas. Na kaɗa, na ɗanɗana, na gane akwai abubuwan da ɗan Adam ya ƙirƙira don ƙeta kawai. Gishiri-gishiri, zaƙi-zaƙi, ga wani santsi kamar an jiƙa roba.

Ina zaune ina hararar jarkar sai ga sallamar Yaya, rana ba ta kai ga faɗuwa ba. Ya shigo da leda, ya zazzage a kan tebur: tsinken shan lemo, lemon tsami, da kwalbar man shafawa.

"Wa ya ce ka sha shi da ɗumi? Sa a firji ya yi sanyi. In za ka sha, ka kai tsinken can bayan harshe, kada ya taɓa gaba. Ka toshe hanci, ka tsotsi lemon tsami bayan kowane kofi."

"Man fa?"

"Za ka san amfaninsa ba sai an gaya maka ba. Ka shafa tun kafin a fara, kada ka jira sai wuri ya yi zafi." Ya nuna ni da yatsa. "Kofunan farko za ka ji shiru, ka zaci ba ya aiki. Kada ka yarda da shirun nan. Kuma duk abin da ka ji kamar iska ce, wallahi ba iska ba ce, ka tashi da gudu."

Matata ta fashe da dariya daga kicin. Ni ma na kusa yi, sai na ce, "Yaya, ina ka san duk wannan?"

"Likita ta yi mini bayani."

Na zuba kofi na farko a gabansa. Da warin ya tashi sai na ga maƙogwaronsa ya motsa, ya kawar da kai, ya ce bari ya duba famfonmu na waje, yana jin kamar yana ɗiga. Famfon nan ni na ɗaura shi da hannuna, ba abin da yake yi. Na ce a raina, ko kallona ba ya iya yi, abin ya kai haka ke nan.

Duk abin da ya faɗa ya tabbata, har da maganar iska. Na yi zirga-zirga tsakanin kujera da banɗaki har na daina ƙirgawa, har na daina komawa kujerar. A zaune a can na riƙa kallon tayil ɗin da na manna da kaina, ina tunanin Baba, yadda ya riƙa shiga banɗaki ya daɗe, ya fito yana gumi yana cewa ba komai. Ina leƙawa ina neman ja. Abin da ke fita ya tashi daga abin da kowa ya sani ya koma ruwa, ruwan ya yi ta washewa har ya zama kamar shayi mara ƙarfi. Da safe na ƙarasa sauran jarkar, cikina fayau kamar tankin da aka zuƙe.

An ce dole in zo da mai mayar da ni gida, saboda allurar da za a yi mini tana sa maye. Matata ta shirya, Yaya ya ce ta zauna da yarinya, shi zai kai ni. Na so in yi gardama, amma wa yake gardama da Yaya da cikin da ba komai a ciki?

Asibitin nan babba ne, lungu a kan lungu, ga mutane suna ta tambayar hanya. Yaya bai tambayi kowa ba. Ya ɗauki jakata ya shige gaba, ya bi ta gefen ɗakin karɓar magani, ya sauka wasu 'yan matakala, ya karya kwana a wajen wani tankin ruwan sha da aka ɗaure wa leda a baki. Da muka zo wata ƙofa mai ruwan toka sai ya ɗan ɗaga mariƙin kafin ya tura, ta buɗe. Wani mutum da ya zo bayanmu ya yi ta kokawa da ita. Ciki sanyi, ga warin maganin goge ƙasa, ga mutane jere a benci, kowa fuskarsa ta faɗa kamar tawa.

Nas ɗin da ke karɓar mutane, wata gajeriya mai fara'a, ta ɗago kai ta ga Yaya sai ta washe baki.

"A'a! Yau kai ne ɗan rakiya?"

Yaya ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Ƙanena ne na kawo." Ta dube shi, ta dube ni, fara'ar ta ragu, ta sunkuyar da kai ta ce in biyo ta. Na ce a raina, ato. Har sun san shi. Yana ta zarya nan a bayan idona ana tattauna cikina, ni mai cikin ina can ina haƙa rami.

Aka ba ni wata riga mai buɗaɗɗen baya, wadda duk yadda ka kama ta sai ta tona maka asiri ta wani gefen. Aka kwantar da ni a gefen hagu, aka ce in naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji. Nas ta sa mini allura a bayan hannu. Likitar nan mai tabarau ta shigo ta gaishe ni, ta ce in saki jiki, za a hura 'yar iska a ciki don hanya ta buɗe. Kunya ta ishe ni, amma kafin in gama jin ta sai ɗakin ya fara lilo.

Ban yi barci sosai ba. Ina jin muryoyi kamar daga ƙarƙashin ruwa, ga allon talabijin a gabana. A ciki na ga wani bututu mai ruwan hoda, mai sheƙi, yana da gaɓa-gaɓa, haske yana tafiya a cikinsa yana karya kwana. Na ɗauki lokaci kafin na gane nawa ne. Duk rayuwata ina leƙa bututun mutane da tocila, ban taɓa ganin mai tsabta kamar wannan ba, har na ji wani ɗan alfahari na wauta. Likita da nas suna hira, wai motar wani ta toshe ta wata a wajen ajiye motoci. Na riƙe hirar nan da kunnena kamar igiya. Muddin suna surutu, ɓarnar ƙarama ce.

Sai likita ta yi shiru.

Hasken ya tsaya a wuri ɗaya. A jikin bangon na ga wani ɗan abu ya tsiro, kamar kan ashana, yana da ɗan wuya. Ta ce wa nas wata kalma guda, nas ta miƙa mata wani abu. Ba wanda ya ƙara maganar mota. Na so in ce su ci gaba da hirarsu don Allah, harshena ya ƙi ɗaguwa. Abu na ƙarshe da na ji kafin barci ya ɗauke ni shi ne ƙarar ruwa a famfo, wani yana wanke hannu.

Na farka a wani ɗaki mai labule, cikina a kumbure da iska. A bayan kowane labule ana ta sakin tusa ba kunya, nas tana yawo tana cewa, "Yauwa, ku sake ta, ita muke jira." Da wata rana ce daban, da na yi dariya har hawaye. Yaya yana zaune a gefen gado da jakata a cinya, ya ƙura wa ƙasa ido. Da nas ta zo ta ce likita tana kira, ya miƙe kamar yadda ya saba.

Na riƙe masa riga. "Cikina ne, Yaya. Ni zan shiga."

"Ba ka gama dawowa hayyacinka ba."

"Na dawo. Ka zauna a benci."

Tunda aka haife ni ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya dube ni, na zaci zai daka mini tsawa, sai na ga ya fita ya zauna a benci. Nas ta riƙe ni har ofishin.

Likita ta juyo mini da allon da ke teburinta, ta nuna mini hotunan. Ta ce hanjina lafiya lau, daga farko har ƙarshe. Ɗan tsiro ɗaya ta gani, ƙarami, ta kuma cire shi nan take. Za a kai a auna don a tabbatar, amma a ganinta ba abin tsoro ba ne, irinsu ne dai in aka bar su shekaru suke iya juyewa. Jinin da nake gani kuwa basir ne.

Na ce, "Likita, don girman Allah kada ki yi mini irin ta gidanmu. Me yayana ya ce ki gaya mini?"

Ta cire tabarau ta dube ni. "Malam, a nan ba ma ɓoye wa mutum cikinsa. Ga hoto, ga idonka. Da na ga wani abu, kai zan fara gaya wa."

"To me ya sa kika yi shiru?"

"Ina yanka abu a cikin hanjinka, so kake in yi ta hira?"

Na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina, har idona ya kawo ruwa. Na ga yarinyata da jakar makaranta a baya. Na fara godiya ina maimaitawa kamar wanda ya zautu. Ta mayar da tabarau tana rubutu, ta ce, "Amma kada ka ce an gama. Tunda ciwon ya bayyana ga mutum biyu a gidanku, za ka riƙa dawowa ana dubawa bayan 'yan shekaru. Yaranka ma in sun girma."

"Mutum ɗaya ne. Babanmu."

Alƙalaminta ya tsaya. Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta sake dubana. Ta rufe fayil ɗin a hankali ta ce, "Ka yi magana da yayanka."

Ban san yadda na miƙe ba. Tsinken shan lemo. Mariƙin ƙofar da ake ɗagawa. Maƙogwaronsa da ya motsa da ya ji warin jarka. Idon Anti, da albasar da ban taɓa ganin tana yankawa ba. Ni da nake taƙamar na haddace alamun gidanmu, na karanta kowace ɗaya daidai, na ɗora wa wanda ba shi ba. Ina ta jin haushin ana yabona, ban ko lura cewa mutumin da ke zaune a kan bulo yana nuna mini aiki ya daina iya ɗaga diga ba.

Yana nan a benci inda na bar shi. Daga bakin ƙofa na tsaya na kalle shi sosai, kallon da na daɗe ban yi masa ba. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bel ɗinsa yana da sabon huji, irin wanda ake yi da ƙusa, wutsiyar ta zagayo har gefen ƙugu. Yana ganina ya taso da sauri.

"Me ta ce?"

"Lafiya lau. Ɗan tsiro ne, ta cire."

"Ka tabbata? Ta nuna maka hoton? Ta kai har can ƙarshe, inda yake karyawa ta dama?"

"Har can."

Ya rufe ido, leɓunansa suna motsi. "Alhamdu lillahi," ya ce, ya sake cewa, ya kuma cewa. Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarsa ba, kuma shi ya fi komai tsorata ni. Ya kama damtsena wai kada jiri ya kayar da ni, muka bi lungunan muka fito. Ina jin yatsunsa ta cikin riga, duk ƙashi.

A waje rana ta take, masu sayar da lemo da ayaba suna jere a bakin ƙofa. Na miƙa hannu na kama jakar da ke kafaɗarsa. Ya riƙe, na ja, ya sake mini.

Na ce, "Yaya, kai kuma cikinka fa?"

Bai dube ni ba. "Olsa ce kawai. An ba ni magani."

Na san abin da ake so in ce. In ce Allah Ya sawwaƙe, in saya masa ayaba, gobe in yabi duk abin da ya taɓa. Na iya, a gidan na taso. Amma bakina ya ƙi.

"Ni na zauna da Baba a benci," na ce. "Ba zan sake zama ba. Ran da za ka dawo wajen likitar olsar nan, tare za mu shiga. In kuma ka hana ni, zan tsaya a bakin ƙofa in yi ta bugawa har a kira masu gadi."

Ya yi shiru. Muka yi 'yar tafiya a haka, mutane suna ratsa mu. A jikin katangar asibitin akwai wani famfo da masu jinya ke wanke kwanuka, an ajiye guntun sabulu a kan bulo. Yaya ya saki hannuna ya nufi wajen. Ya naɗe hannun riga, ya buɗe ruwa, ya ɗauki sabulun. Hannunsa ba datti, tun safe bai taɓa komai ba sai jakata. Ya wanke tafin, ya wanke tsakanin yatsu, ya hau har gwiwar hannu, a tsanake. Na tsaya rungume da jaka ina roƙon Allah a raina ya juyo ya zage ni, ya ce famfon nan wani sakarai ne ya ɗaura shi, ya ce ko ma mene ne. Ya rufe ruwan, ya ƙara murɗawa kaɗan, ya goge hannu a wando.

Sannan ya dube ni ya ce, "Zo mu samu inuwa mu zauna, maigida."